Katun ya ƙare, saura magana: yadda iyayen Kirista za su tattauna saƙon fim da yaransu

A gidajen Kirista da yawa, daga Jos zuwa Kafanchan, Wusasa, Biliri har Maradi, da an kawo wuta, ko da Mama ta miƙa wa ƙaramin waya don ta samu ta ƙarasa girki, katun ake kunnawa. Ba a cika tambayar me ke cikinsa ba, domin an ɗauka duk abin da aka zana da launi mai kyau na yara ne. A yi lissafi. Yaron da ke kallon awa 2 kullum ya yi awa 14 ke nan a mako, alhali makarantar Lahadi da ƙyar take wuce awa 1. Ban ɗauki katun abokin gaba ba. Akwai fina-finan da suka iya nuna wa yaro ma'anar sadaukar da kai fiye da dogon bayani. Amma kowane labari yana ɗauke da ra'ayinsa game da iyaye, laifi, mutuwa da abin da ke ceton mutum, kuma yaro yana karɓar ra'ayin tare da dariyar, in dai babu babban da ya zauna suka duba shi tare.

A da tatsuniya ke yin wannan aiki, kuma tana da tsarin da ke kare yaro. Kaka ko goggo ke bayarwa, tana kallon fuskokin yaran, ta san inda za ta sassauta. A buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", don haka yaro ya san inda labari ya fara da inda ya tsaya. Gizo maƙaryaci ne, mayaudari, amma ba a hana yara jin labarinsa, saboda akwai babba a wurin da zai ce, "Kun ga inda haɗama ta kai shi?" Katun ya zo mana da labarin, bai zo da kakar ba. Gurbin da ya rage wa uwa da uba su cike ke nan. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta riga ta faɗi lokutan koyarwa: a zaune cikin gida, a tafe kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Zaman kallo yana cikin na farkon.

Inda saƙon yake

Iyaye sukan sa ido kan abu uku: zagi, tsiraici da tsafi. In babu su, sai a ce fim ɗin ba shi da matsala. Sa idon daidai ne, sai dai babban saƙon ba a nan yake zama ba. Yana cikin yadda labarin ya ƙare. Tambayoyi huɗu ke tono shi. Me jarumin yake so? Me ya tare masa hanya? Me ya warware matsalar? Wa ya biya kuɗin ɓarnar da aka yi?

A gwada su a kan The Little Mermaid na Disney, na 1989. Ariel 'yar ruwa ce mai shekara 16, tana son wani ɗan sarki na tudu. Mahaifinta ya hana. Sai ta je wurin wata mayyar teku, ta sa hannu a yarjejeniya, ta ba da muryarta aka ba ta ƙafafu na kwana 3. Da abin ya ɓaci, uban ne ya sa hannu a madadinta, ya ɗauki hukuncin. A ƙarshe an kashe mayyar, uban ya mai da 'yar mutum, aka yi biki. Yarinya mai shekara 8 ba za ta iya faɗa da baki ba, amma abin da ta kwashe shi ne: uba ne ya tare hanya, bijire masa ya yi zafi na ɗan lokaci, daga baya an samu abin da ake so. Duk da haka a cikin fim ɗin akwai abin da Kirista zai kama da hannu biyu, wato uban da ya shiga wurin 'yarsa ya ɗauki bashin da ba shi ya ci ba. Ana iya tambayar yarinya, "Wa kika sani da ya ɗauki hukuncin da ba nasa ba?" Da kanta za ta kai ga gicciye.

A kwatanta da Finding Nemo na 2003. Shi ma Nemo, wani ɗan ƙaramin kifi, ya ƙi jin maganar ubansa, ya je ya taɓa jirgin ruwa don ya nuna ya isa, nan take aka kama shi. Rashin biyayyar ya jawo wahala ta gaske, uban ya ratsa teku yana nemansa. Amma labarin bai bar uban haka ba, ya nuna tsoronsa ya yi yawa har ya shaƙe yaron. Dukansu biyu sun canza. Wannan ya yi kusa da Afisawa 6:1-4, inda aka ce 'ya'ya su yi biyayya, aka kuma ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Uban da ya karanta wa yaro ayoyin farko ya tsallake ta huɗu, yaro mai wayo zai gane an yi masa rabin karatu.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Fina-finan katun na Amurka da yawa sun kifar da wannan magana: yaro ne mai gani, manya ne ba su gane ba, mafita kuma ita ce mutum ya bi abin da zuciyarsa ta raya masa. Wannan saƙon ya fi kowane maimaituwa, kuma a ganina ya fi dodannin da ake tsoro tasiri, don yana da daɗin ji. Irmiya 17:9 ya ce zuciya ta fi kome yaudara, Karin Magana 3:5 kuma ta ce kada mutum ya jingina ga ganewarsa. Amma kada a kai maganar inda Littafi Mai Tsarki bai kai ta ba. Dawuda yaro ne lokacin da ya ga abin da rundunar Saul ba ta gani ba. Abin da ya bambanta shi da jarumin katun shi ne, bai ce ya gaskata da kansa ba, ya ce yaƙin na Ubangiji ne. Wannan bambancin yaro ɗan shekara 9 yana iya riƙe shi.

Waƙa tana da nata haɗarin, domin tana fita daga fim ta yi yawo ita kaɗai. A Frozen na 2013, shahararriyar waƙar nan "Let It Go", sarauniya Elsa ta rera ta ne a lokacin da ta gudu kan dutse, tana murnar babu sauran doka a kanta. Fim ɗin kansa bai ba ta gaskiya ba, don gudun nata ya bar ƙasar cikin ƙanƙara a tsakiyar lokacin zafi, kuma abin da ya kawo waraka shi ne ƙanwarta Anna da ta tare takobi da jikinta saboda yayarta. Yahaya 15:13 ke nan a fili, inda aka ce babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. Amma yara sun haddace waƙar gudun, ba su haddace wurin takobin ba. In yaro yana yawan rera wata waƙar fim, a tambaye shi wa ya rera ta, a wane hali yake, me ya faru bayan ya gama. Sau da yawa waƙar mugu ce ta fi daɗin kiɗa.

Matattu, ruhohi da sihiri

Nan ne ya kamata a dakata sosai, domin abin da yake wasa ga mai rubuta fim a Kalifoniya ba wasa ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikin iyalanmu kakanni ne suka bar bautar gargajiya, wasu kuma har yanzu suna da dangi masu zuwa wurin boka. Yaron da ya ga mamaci yana magana a fim zai haɗa shi da abin da ya ji a ƙauye lokacin jana'iza.

A The Lion King na 1994, Mufasa ya gaya wa ɗansa Simba cewa sarakunan da suka shuɗe suna kallo daga taurari. Bayan mutuwarsa ya bayyana cikin gajimare ya yi wa ɗan magana, kuma biri Rafiki, wanda aikinsa ya yi kama da na boka, shi ya kai Simba wurin. Coco na 2017 ya fi shiga ciki. An gina shi kan bikin matattu na ƙasar Meziko, wanda ake yi ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. A labarin, mamaci yana ziyartar gida in an ajiye hotonsa, kuma yana yin mutuwa ta biyu ya ɓace gaba ɗaya ranar da babu mai tuna shi a duniya. Wannan na ƙarshen yana iya zama nauyi ga yaron da ya rasa kaka ko uwa. Zai iya kwanciya yana tsoron in ya manta fuskarta, shi ne ya hallaka ta. Ba lallai ya faɗa ba. Babba ne zai fara ɗaga maganar:

"Ɗana, a fim ɗin nan, me ke riƙe da mutum bayan ya mutu?"

"Sai in ana tuna shi, Baba."

"To, Kaka fa? Wa ke riƙe da ita?"

Daga nan a kai shi Yahaya 11:25-26, inda Yesu ya ce shi ne tashin matattu da rai, da Romawa 8:38-39, inda aka ce ko mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunar Allah. Tuna waɗanda suka riga mu abu ne mai kyau, a nuna hotunansu, a ba da labarinsu, amma ba tunawarmu ke raya su ba. Game da neman shawara wurin matattu, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana, kuma labarin Saul da matar Endor a 1 Sama'ila 28 yana nuna ƙarshen wanda ya bi wannan hanya. Ikilisiyoyi sun bambanta a wani ɓangare: Katolika suna yi wa matattu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba, ECWA, COCIN da Baptis ba sa yi. Kowane gida ya faɗa wa yaro abin da ikilisiyarsa ke koyarwa ba tare da zagin maƙwabci ba.

Sihiri kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tatsuniya, inda dabba ke magana ko kabewa ta zama keken doki, wanda ba wanda zai fita ya gwada. Akwai kuma wanda ya yi kama da abin da ake yi a zahiri: yarjejeniya da ruhohi, laya, jini, kiran matattu, duba. A kan na biyun ake tsayawa. A duba ko labarin ya nuna shi a matsayin tarko mai cin mai shi, ko kuwa a matsayin gwanintar da yaro zai yi sha'awa. Iyalai masu tsoron Allah sukan yanke hukunci daban-daban a nan, wasu su hana gaba ɗaya, wasu su kalla su tattauna. Romawa 14 ta ba da wurin irin wannan bambanci.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne tsorata yaro da cewa aljanu suna fitowa daga talabijin, ko cewa wanda ya kalli fim kaza an sa shi a ƙungiyar asiri. Yaro ɗan shekara 6 yana ɗaukar wannan da gaske. Zai daina barci, ya fara mafarkai, kuma a ƙasar da ake samun yaran da ake yi wa ƙazafin maita ana azabtar da su, bai kamata mafarkin yaro ya zama abin da manya za su fara yi wa fassara ba. A koya masa cewa Almasihu ya fi kowane iko, a yi addu'a da shi cikin natsuwa, a canza abin kallon.

Katun na Littafi Mai Tsarki ma sai an duba

Da an ga Musa ko Dawuda a allo sai hankalin iyaye ya kwanta. Amma masu shirya fim suna ƙari da ragi don labari ya yi armashi. The Prince of Egypt na 1998 fim ne mai kyau, kuma tun a farkonsa masu shi sun rubuta cewa sun yi canje-canje. A fim ɗin matar Fir'auna ce ta tsinci Musa, a Fitowa 2:5 kuwa 'yarsa ce. A fim ɗin kisan Bamasaren ya zo kamar tsautsayi, amma Fitowa 2:12 ta ce Musa ya duba nan da can, da ya ga ba kowa ya kashe shi ya binne cikin yashi. An nuna Musa da sauran ƙuruciyarsa a gaban Fir'auna, alhali Fitowa 7:7 ta ce shekararsa 80. Haruna, wanda Allah ya ba shi ya zama bakinsa, an mai da shi gefe. Haka a Superbook, katun ɗin labaran Littafi Mai Tsarki, yaran nan biyu da mutum-mutumin da ke tafiya tare da su zuwa zamanin dā ba sa cikin Littafi Mai Tsarki, amma ƙaramin yaro bai san haka ba sai an gaya masa.

Maganin mai sauƙi ne, yara kuma suna jin daɗinsa. Bayan kallo a buɗe surar, babban yaro ya karanta da ƙarfi, sauran su ɗaga hannu duk inda suka ji bambanci. Fitowa 2 aya 25 ce kawai, ba ta cin minti 5. Yaron da ya saba da wannan ya koyi auna abin da ya gani da abin da aka rubuta, irin halin mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11.

Yadda ake zaman

Kafin a kunna sabon fim, babba ya fara dubawa. Tallan fim na minti 2 ba ya isa, don an yanka shi ne don ya ja hankali. In babu lokacin kallon minti 90, a kalli minti 15 na farko, inda ake yawan sa mutuwar uwa ko uba, a tsallaka zuwa wurin da mugun ya bayyana manufarsa, sannan a kalli minti 20 na ƙarshe. A karanta taƙaitaccen labarin a intanet in da hali. Alamar G (na kowa da kowa) ko PG (sai da kulawar iyaye) da ake sa wa fim tana auna faɗa, zagi da tsiraici ne, ba ta auna koyarwa, ba ta kuma yi alkawarin yaro ba zai firgita ba. The Lion King na 1994 alamar G gare shi, amma a cikinsa ƙane ya jefa wansa ya mutu a gaban ɗansa. Ga yaran da suka ga rikici da idonsu, ko aka gudo da su daga ƙauye cikin dare, wurin gobara, gudu ko mutuwar uba yana iya tayar da abin da ba a yi zato ba. A gaya musu tun kafin wurin ya zo, a bar su su zaɓa ko a tsallake.

Lokacin kallo a zauna tare, a ajiye waya. Kada a tsayar da fim fiye da sau 2 ko 3, kowane tsayawa kuma kada ya wuce minti 1. Uban da ke danna rimot kowane minti 5 yana wa'azi, yara za su daina son kallo da shi, su koma kallo a ɓoye. A riƙa duban fuskar yaro fiye da allon: inda ya yi shiru, inda ya matso jiki, inda ya tafa.

Iyaye da yawa ba sa kama Turancin Amurka mai sauri, sai su ji kunya su janye. Babu dalilin janyewa. A ce wa yaron, "Ban ji abin da suka ce ba, ba ni labarin da Hausa." Wannan ya fi kowace tambaya amfani, domin abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya bari suna nuna abin da ya shiga kansa. Ƙananan yara sukan riƙe wurin faɗa da rashin kunya, su manta wurin sulhu da ya zo a minti 5 na ƙarshe. In ka ji labarin ya tsaya a faɗan, sai ka tambaya, "Daga nan fa, me ya faru?" Katun da aka yi wa fassarar Hausa ma a saurara da kyau, don masu fassara sukan ƙara nasu barkwancin, wani lokaci na manya ne.

Hirar bayan fim kada ta wuce minti 10, kuma ba dole a yi ta a daren ba. Washegari wurin wanke-wanke ko kan hanyar makaranta ta fi fitowa da kyau. A fara da abin da ya burge yaron, a yarda da shi inda yake da gaskiya. Bulus a Atina ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa ya ce sun faɗi daidai a wannan wuri, kafin ya kai su inda suka kauce (Ayyukan Manzanni 17:28). Annabi Natan ma da labarin 'yar tunkiya ya shigo wa Dawuda, ya bar shi ya yanke hukunci da bakinsa. Tambaya ta fi jawabi aiki. Aya ɗaya ta isa, a ajiye sauran.

Shekaru suna canza yadda ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. 'Yan ƙasa da shekara 6 ba su gama raba gaskiya da ƙage ba, kuma kamannin abu ke ba su tsoro, ko da halittar mai kirki ce a labarin. Cewa "ai ba gaskiya ba ne" ba ya kwantar musu da hankali, ɗaukarsu a cinya da kashe fim ɗin ya fi. Tambayarsu ɗaya ce: wa ya yi kirki, wa ya yi mugunta? A wannan shekarun ne ake kwaikwayon Tom and Jerry, inda ake maka wa kyanwa guduma ta miƙe garau. Sai an faɗa musu ƙarara cewa in aka buga wa ƙane muciya a ka, asibiti za a tafi. Daga 7 zuwa 10 sun fi jin tsoron abin da zai iya faruwa da gaske, kamar mutuwar iyaye ko sace yaro, kuma sun isa amsa tambayoyi huɗun nan. Daga 11 zuwa sama a bar su su yi gardama. A tambaye su me masu fim ɗin suke so a yarda da shi, kuma me suke sayarwa, tunda jakar makaranta, riga da robar ruwa masu hoton jarumin suna nan jibge a kasuwa.

Akwai batun da iyaye ke jin nauyinsa. Wasu sababbin fina-finai suna nuna auren jinsi ɗaya. Lightyear na 2022 yana da ɗan wurin da mata biyu suka sumbaci juna, ƙasashe da dama kuma suka ƙi nuna shi. In yaro ya gani ya tambaya, kada a daka masa tsawa, don zai koyi cewa irin wannan tambaya ba a kawo ta gida. A ba shi amsa gajeriya daidai shekarunsa: abin da Farawa 2:24 ta ce game da aure, da cewa akwai mutanen da ba su yarda da haka ba, da cewa Kirista ba ya zagi ko cin mutuncin kowa, don kowane mutum cikin siffar Allah aka halicce shi.

Waya, memori da gidan maƙwabta

Duk wannan tsarin yana rushewa in yaro yana kallo shi kaɗai a waya. A YouTube, in bidiyo ya ƙare wani yana hawa da kansa, kuma bayan 5 ko 6 ana iya isa wurin da ba a nufa ba. A 2017 an yi ta ƙorafi a duniya kan bidiyoyin bogi da ke amfani da fuskokin jaruman katun ana nuna allura, duka da batsa. A kashe maɓallin da ke sa bidiyo ya ci gaba da kansa. Ga 'yan ƙasa da 13 a sa YouTube Kids, a zaɓi rukunin shekaru, a rufe wurin bincike, ko a zaɓi tsarin da sai tashar da iyaye suka amince da ita kaɗai ke fitowa. Akwai agogo a ciki da ke rufe manhajar in lokaci ya cika. A dikodar DStv ko GOtv akwai kulle na iyaye, lambar da take zuwa da ita galibi 1234 ce, yara kuma sun sani, don haka a canza ta.

Memorin da aka kai shagon masu tura fina-finai aka ce "a cika da katun" shi ya fi ba da matsala. Mai shagon bai kalla ba, duk abin da aka zana yana jefawa ciki, har da katun na manya irin Family Guy da wasu na Japan masu jini da tsiraici. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, ba ta ganin abin da ke yawo daga waya zuwa waya ta manhajar Xender. A buɗe kowane fayil, a ja shi wuri 4 ko 5, a goge wanda ba a yarda da shi ba kafin memorin ya shiga hannun yaro. Kallo kuma a falo ko tsakar gida, da murya a buɗe, ba da abin kunne a ɗaki ba.

Wani lokaci hukuncin shi ne ba za a kalli fim ɗin ba. In haka ne, uwa da uba su fara daidaita bakinsu a bayan idon yara, don in Baba ya hana Mama ta kunna bayan ya fita, abin da yaro ya koya shi ne jiran Baba ya fita. A faɗi dalili cikin jimla ɗaya ko biyu da yaron zai iya maimaitawa: "Fim ɗin nan yana nuna kiran ruhohi kamar abin sha'awa, mu kuwa ba ma wasa da shi." A faɗa ko hanin na yanzu ne ko na dindindin, don "sai ka kai shekara 12" ya fi sauƙin ɗauka. A kawo wani a madadinsa a ranar. Kuma a sani zai iya ganinsa a gidan maƙwabta ko wurin ɗan ajinsu. A koya masa abin da zai ce, "A gidanmu ba a kallon wannan, bari in je in dawo," a kuma yi masa alkawarin cewa in ya gani ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba, za a zauna a yi maganar. In gidan da yake yawan zuwa na 'yan ikilisiya ɗaya ne, iyayen biyu su yi magana kai tsaye, ko a kawo batun a taron zumuntar mata, a haɗa sunayen fina-finan da wani babba ya riga ya kalla daga farko har ƙarshe, a riƙa tura wa juna.